Gatarin Kurege: Yadda Ake Renon Furen Dajinmu a Garka



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu dattawan gari, malamaina, ƴan uwana manoma da masu garka, iyaye mata, da ku ƴan makaranta da kuka cika can baya, barkanku da zuwa. 

Kafin in shiga magana, ga wani abu a cikin wannan kasko. Na gaba suna ganinsa, na baya bari in ɗaga muku. Saiwa ce. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, kaurinta kamar babban yatsa, fatarta siririya mai ruwan ƙasa. Ku dubi yadda ta lanƙwashe: reshe ɗaya ya miƙe, ɗayan ya karkata gefe, kamar ƙota da ruwan gatari. Wannan siffa ce ta sa kakanninmu suka raɗa mata suna gatarin kurege. A wasu wurare gudumar zomo ake ce mata, wasu kuma baurairai. Rabonta da ɗigon ruwa wata bakwai ke nan. Wanda bai san ta ba zai ce ta mutu. Da ranta, barci take yi, kuma yawancin abin da zan faɗa yau a kan wannan barcin yake.

Ƴan makaranta da yawa a nan ba su taɓa ganin furenta ba, don haka bari in kwatanta. Idan damana ta kankama, sai siririn tsiro ya ɓullo daga ƙasa. Ba shi da ƙarfin tsayuwa da kansa. Amma kowane ganye yana ƙarewa da wani zare mai nannaɗewa kamar wutsiyar hawainiya, kuma da shi take kama reshen geza ko sabara ta yi sama. Wajen watan Agusta fure ke fitowa. Da farko a rufe yake, kansa a sunkuye. Ranar da zai buɗe, sai kunnuwansa shida su juya baya su miƙe sama, gefensu a murɗe, kamar harsunan wuta idan iska ta taɓa su. Launinsu yana farawa da kore mai ruwan ɗorawa, bayan kwana biyu gindin ya zama rawaya, kan ya yi ja, kafin ya tsufa kuma duk ya koma ja wur. Daga ƙasa akwai tsinke shida da suka baje, kowanne da ɗan kai mai ɗauke da garin fure, sannan ga na bakwai, wanda shi ne macen, ya karya kwana gefe kamar gwiwar hannu. Wannan shimfiɗa don malam-buɗe-littafi aka yi ta: in ya zo shan zaƙi, fikafikansa su goga garin, ya kai wa furen gaba.

Ni ina yaro na fara ganinta, a bakin wata saura tsakanin gonarmu da hanyar tafki, mun kai wa mahaifina fura. Na kai hannu zan tsinka, kakata ta riƙe ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, “Kallo kawai, ɗan nan. Wannan ba ta wasa ba ce.” Sai bayan shekaru na gane dalilinta, kuma zan zo kansa.

Masu ilimin tsirrai suna kiranta Gloriosa superba, sunan da Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, ya ba ta a 1753, ma'anarsa mai ɗaukaka, mai ƙasaita. Sunayenta na Hausa ma sun shiga takarda da daɗewa. Wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. A Zimbabuwe ita ce furen ƙasa. A 1947, lokacin da ƙasar take Rodeshiya ta Kudu, ƴan makarantar can sun haɗa kuɗi aka ƙera wa Gimbiya Elizabet, wadda ta zama Sarauniyar Ingila, abin ado na lu'ulu'u mai siffar wannan fure. A Indiya kuma ita ce furen jihar Tamil Nadu. Turawa suna sayen saiwarta, suna renonta cikin ɗakin gilashi don sanyin ƙasarsu ba ya barinta. Mu kuwa Allah ya ba mu ita kyauta a gindin geza.

Gaskiya ita ce a faɗin duniya ba ta kusa da ƙarewa. A gabar gabashin Ostareliya ma ta tsere daga lambuna ta zama ciyawar da ake yaƙi da ita. A nan wurinmu ne take ƙaranci. Duk wanda ya kai shekarata zai shaida cewa da can ba sai an neme ta ba, yanzu kuwa sai ka yi damana guda kana zagaye gonaki ba ka ci karo da ita ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi tana da mutane fiye da miliyan 3 da dubu 400, kuma ƙasar noma ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Saura ta ƙare. Gonar da ake hutar da ita shekara huɗu ko biyar, yanzu kowace damana sai an shiga. Hauya tana sare tsiron tun bai yi fure ba. Garmar shanu ta fi ɓarna, don tana nitsewa ta juyo saiwar, ta karya ta, ta bar wa rana. Kurmin geza da take hawa an sassabe. Abin da ya rage mata shi ne gefen burtali, bakin maƙabarta, iyakar gona inda aka bar shinge, da irin su dajin Baban Rafi.

Mu mutanen Maraɗi muna da abin alfahari a harkar itatuwa, kuma ya cancanci a faɗa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a nan a lokacin, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututture ne mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka rungumi abin da muke kira sassabin zamani: a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su, a bar su su tashi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200, yawancinsu a Maraɗi da Damagaram. Gawo ya dawo, kalgo ya dawo, sabara ta dawo. Amma ku duba ƙarƙashinsu. Itace ya dawo ne don saiwarsa tana can da zurfi, garma ba ta kai gare ta. Gatarin kurege duk ranta yana cikin wannan ƴar saiwa da ke kusa da fuskar ƙasa, in aka karya ta sau ɗaya ba wani kututture da zai sake toho. Mun mai da rufin daji, daɓen bai dawo ba tukuna.

Haka abin yake game da tafkinmu. A 2006 Nijar ta miƙa wa UNESCO sunan gandun dajin Madarunfa da tafkin da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take son a ɗauka gadon duniya. A 2019 tafkin ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci. Ana maganar kifi, ana maganar tsuntsaye da manyan itatuwa, kuma duk ya dace. Roƙona ga malamai da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da masu binciken noma na INRAN da ke Tarna shi ne su sa ƙananan tsirrai masu saiwa cikin lissafi, su fito a watan Agusta lokacin da ake ganinsu, su kuma tafi da tsofaffin da suka san sunayensu.

Yanzu ga dalilin kakata, kuma iyaye mata ina roƙon ku saurara da kyau. Gatarin kurege guba ce, daga saiwa har ganye har iri, amma saiwa da iri sun fi ƙarfi. Akwai wani sinadari a cikinta da ake kira kolcisin, wanda ke hana ƙwayoyin jiki rabuwa su sabunta. Wanda ya ci, bayan ƴan awoyi zai ji baki da maƙogwaro suna ƙuna, sai amai da zawo mai tsanani. Yakan ji kamar ya samu sauƙi, alhali gubar tana cin jini da ƙoda da zuciya. Waɗanda suka tsira, gashin kansu yakan zube bayan mako ɗaya ko biyu. A Siri Lanka da Indiya likitoci sun sha karɓar mutanen da suka ci saiwar bisa zaton doya ce ko dankali, kuma an rasa rayuka. Dafawa ba ta kashe gubar. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, a garzaya asibiti nan take, a tafi da ragowar saiwar don likita ya gani, kada a tsaya jiran alama. Dabbobi ma tana kashe su, don haka mai jar akuya a gida ya yi shinge kafin ya yi shuka. A wasu sassan Afirka ta Yamma da ita ake haɗa dafin kibiya. Wannan sinadarin dai, idan aka tace shi aka auna shi daidai a masana'anta, shi ne maganin ciwon nan da ke kumbura gaɓar babban yatsan ƙafa. Tsakanin magani da mutuwa tazarar kaɗan ce ƙwarai, kuma ba a auna ta da cokali a tsakar gida. Gidan da ke da yara masu rarrafe, shawarata a haƙura da ita har su yi wayo.

To, yaya ake renonta? Zan fara da yadda na rasa tawa ta farko, don abin ya daɗe yana damuna. Na tono ta daga daji da dagi, na kawo garkata, na dasa ta a bakin kwamin zogale. Ta yi fure damanar farko. Da kaka ta yi, ganyen ya yi rawaya, na ɗauka ƙishi take ji, na ci gaba da ba ta ruwa duk lokacin da nake ban ruwan zogale. Da bazara na tona in duba, sai na tarar da wani abu baƙi mai wari, yana narkewa a hannu. Na raba daji da ita, kuma ban amfana da ita ba.

Matsalar a nan take. Garka a wurinmu aikin rani ce. Daga Jiratawa har bakin tafki, da zarar an gama girbin hatsi sai a koma albasa, tumatir, kabeji da zogale, ruwa safe da yamma. Wato lokacin da garka ta fi jiƙa shi ne lokacin da wannan shuka ke bukatar bushewa ƙurmus. Ta saba da zaman wata bakwai ko takwas cikin yashi mai zafi. A cikin damanar wata huɗu take tara abincin shekara, ta cinye tsohuwar saiwa, ta haifi sabuwa mai reshe biyu, sannan ta kwanta. Ruwan rani ba ya tashe ta, ruɓar da ita yake yi. Saboda haka abu na farko shi ne wuri: kusurwar garka da ruwan ban ruwa ba ya kaiwa, ko tudu a bayan ɗaki.

Ƙasar jigawa take so, wadda ruwa ke wucewa ba ya kwanciya. In wurinka laka ce, ka tayar da ɗan tudu, ka haɗa kashi biyu na yashi da kashi ɗaya na takin da ya riga ya ruɓe ya zama gari. Ɗanyen taki yana kiran gara da gwazarma. Tana son ranar safiya, da ɗan inuwa bayan azahar, kuma tana son gindinta a inuwa kanta a rana, kamar yadda take a daji. In kana da geza ko sabara a iyakarka, ka sami wurin da ya fi. In babu, ka kafa karan dawa ko siraran ƙirare. Sanda mai kauri ba ta yi mata, zaren ganyen ba ya iya zagaye ta. Kuma a kafa abin hawan kafin a binne saiwar, don kada a soke ta daga baya.

Ku sake duban abin da ke hannuna. A ƙarshen kowane reshe akwai ɗan ido guda, fari-fari, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Daga nan kaɗai take tsiro. Dankalin Turawa yana da idanu da yawa, in ɗaya ya lalace wani ya fito. Ita ido ɗaya ne a kowane reshe, in ya karye shi ke nan. Saiwar kuma tana da gautsi kamar alli. Don haka ba a dasa ta a tsaye, ba a danna ta. A yi ɗan rami mai zurfin yatsa huɗu, a kwantar da ita, a zuba yashi a hankali da hannu. Lokacin kuwa shi ne bayan ruwan shuka ya tabbata, ƙasa ta sha ta yi sanyi. Da damana ba ta bukatar komai daga gare ka sai cire ciyawa da hannu, ban da hauya kusa da gindi. In fari ya ja ya wuce mako guda, ka ba ta ruwa da yamma. Da ganye ya fara rawaya a watan Oktoba, ka janye hannunka gaba ɗaya. Kada ka yanke karan sai ya bushe da kansa, don a wannan lokacin ne yake mai da abinci cikin saiwa. Ka sa dutse ko ɗan turke ka shaida wurin. In dole sai ka tono ta, ka fara daga nesa, ka bi da yatsu, don takan nitsa fiye da inda ka sa ta. Ka binne ta cikin busasshen yashi a tukunya, ka ɗora can sama inda yaro da ɓera ba sa kaiwa, nesa da rumbu da madafa.

Sai babbar magana: ina za a samo ta? Amsata ita ce iri, ba dagi ba. Wanda ya tono saiwa daga daji ya ɗauke uwa, kuma cikin tonon ma yawanci karyewa take yi. Wanda ya ɗebi iri ya bar uwar a wurinta. Bayan fure sai ta yi ƙwanso mai ɗaki uku. Idan ya nuna yakan tsage, ka ga ƴaƴa jajaye masu kama da idon zakara, sai dai su suna da ɗan nama a jiki. Ka ɗaura wa ƙwanson tsumma tun bai tsage ba don kada su zube. Ka ɗauki na ƙwanso ɗaya, ka bar sauran wa daji. A wanke jan naman, a shanya a inuwa, a ajiye sai damana mai zuwa, don irin ma yana da nasa barcin. A jiƙa shi kwana ɗaya, a shuka cikin kaskon yashi. Ba ya fitowa tare, wani mako uku, wani sai ya kai wata biyu ko fiye, don haka kada a yi saurin zubar da kaskon. Shekarar farko ɗan tsiro ne kawai da saiwa kamar ƙwayar wake. Fure sai shekara ta uku ko ta huɗu. Wanda ya reni gawo daga toho ba zai ga tsawon wannan ba.

A garka kuma ba lalle malam-buɗe-littafi ya zo da yawa ba, musamman inda ake feshin magani. Sai ka yi aikinsa. Da hantsi ka ɗauki gashin zabo, ka shafi kan tsinken da garinsa ya fito, ka kai kan macen furen wata shukar dabam. Manoman Tamil Nadu, waɗanda ke nomanta gona guda don sayar da irin ga masu haɗa magani, da hannu suke bin furanni ɗaya bayan ɗaya. Ban kawo zancensu don in sa muku kwaɗayin kuɗi ba. A Indiyar ma, kafin a fara noman, tonon saiwa don sayarwa ya kusa share ta daga dazuzzuka da yawa. In wata rana baƙo ya zo kasuwa yana neman a tono masa buhu-buhu, ku tuna da wannan.

Akwai wata shukar dajinmu da ya kamata in ambata, albasar kwaɗi, mai babban kai kamar albasa da farin fure mai jan zane, wanda ke buɗewa da yamma yana ƙamshi. Ita fadama take so, inda ruwa ke kwanciya da damana, don haka canjin da Gulbin Maraɗi ya yi tun da aka gina madatsar Jibiya da noman da ya cinye bakin fadama sun shafe ta kai tsaye. Irinta manya ne masu ruwa, ba sa ajiyuwa, a kan ƙasa suke tsiro da zarar sun faɗi. Ita ma ba a ci. Mai garkar da ke da kwari a gefe zai iya ba ta wuri.

Wani dattijo da nake girmamawa ya taɓa tambayata, “Malam, abin da ba a ci, ba a ba dabba, me ya kai ka wahala da shi?” Tambaya ce ta mutumin da ya ga yunwa, wanda ya san shekarar da aka shiga tafki neman bado don a rufa asiri, kuma ban raina ta ba. Na ce masa, Baba, ai renon irin waɗannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu, gadali nawa iyayenmu suka dasa a bayan ɗaki? Wurin da take ci bai kai shimfiɗar tabarma ba, ruwan rijiya kuma ko guga ɗaya ba ta nema da rani. Sannan sunan da kakanninmu suka raɗa mata yana bukatar abin da za a nuna wa yaro a ce ga shi. Da furenta ya buɗe a damanar da ta wuce na aika aka kira shi. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce rabonsa da ita tun yana kiwon awakin mahaifinsa.

Na zo da irin da na tara daga garkata a kakar bara, an ƙulle shi goma-goma cikin takarda. Manya kaɗai zan ba, kuma sai wanda ke da shinge. Saiwar nan za ta zagaya cikin kaskonta, a kalla, kada a ɗaga ta, kada a taɓa idon. Wanda hannunsa ya shafe ta, ga buta da sabulu a bakin ƙofa. Ita kuma da zarar ruwan shuka ya sauka zan mai da ita gindin gezarta. Mai tambaya, bismillah.